Gargaɗi da Wa'adin Kwana 21 Daga Ma'aikatan Sadarwa na Tonga

Zuwa ga masu girma da ke riƙe da ragamar sadarwa a Masarautar Tonga, da shugabannin kamfanonin da muke yi wa aiki, da 'yan kwangilar da ke tsakaninmu da su.



Mu ne masu hawa ƙarfen sabis, da masu ɗinke waya idan ta tsinke, da masu kwana a ɗakin na'urori, da masu zuba wa janareto mai, da masu amsa kiran jama'a duk lokacin da sabis ya ɗauke. Mun zauna a ƙungiyance, na Tongatapu da na 'Eua da na Ha'apai da na Vava'u, 'yan'uwanmu na Niuatoputapu da Niuafo'ou kuma suka aiko da bakinsu, muka tsayar da magana ɗaya. Mun ba ku kwana 21, daga ranar da takardar nan ta shiga hannunku, ku zauna da mu a sa hannu kan abubuwan da za mu ambata. In wa'adin ya cika ba a yi ba, za mu fara janye hannunmu daga aiki mataki-mataki. Ba mu so ta kai ga haka, shi ya sa muka rubuto tun da sauran lokaci, kafin watan Nuwamba ya kama, guguwa ta fara kaɗawa.

Akwai a cikinmu waɗanda har yau suna tuna murnar da aka yi a watan Agusta na 2013, lokacin da aka buɗe kebul ɗin ƙarƙashin teku mai tsawon kilomita 827, wanda ya tashi daga Sopu a nan Nuku'alofa ya isa Suva ta ƙasar Fiji, inda ya haɗu da babban layin Southern Cross. Bankin Duniya da Bankin Raya Asiya suka sa kuɗi a aikin. A 2018 aka miƙa shi arewa zuwa Ha'apai da Vava'u. Alheri ne babba, ba ma musunsa. Intanet ta yi sauri, ta yi araha, yaron da ke karatu a Neiafu ta Vava'u ya samu abin da na Auckland ke samu. Sai dai wanda ya taɓa riƙe kebul ɗin a hannu ya san abin da ya riƙe. A zurfin teku kaurinsa bai wuce na tiyon ban-ruwa ba, zaren gilashin da ke cikinsa kuwa kamar gashin kai yake don sirantaka. A kan wannan zare aka rataye bankunan ƙasa da asibitocinta, da tikitin jirgi, da muryar mutum dubu ɗari.

Ranar Lahadi, 20 ga Janairu 2019, ya tsinke. Aka ɗora alhakin a kan ƙugiyar da jirgin ruwa ke jefawa don ya tsaya. Kusan mako biyu ƙasar nan tana lallaɓawa da ɗan abin da tauraron ɗan'adam ya iya ɗauka, har sai da aka toshe Facebook da YouTube don bankuna da ofisoshin gwamnati su samu hanyar wucewa. Mun ga mutane sun yi layi a rana da wayoyinsu a hannu, kowa na jiran 'yan mintunan da zai tura saƙo. A lokacin kowa ya ce an ɗauki darasi.

Shekara uku bayan nan, da yammacin Asabar, 15 ga Janairu 2022, dutsen Hunga Tonga-Hunga Ha'apai ya yi aman wuta, kilomita 65 kacal daga babban birni. Ƙarar ta kai har Alaska. Igiyar ruwa ta hau ƙasa, toka ta rufe sama, rana ta koma dare. A ƙarƙashin teku kuma tarin toka da duwatsu suka kwararo a guje, gudun da masana suka auna ya kai kilomita 122 a sa'a guda, suka yanka kebul ɗin Fiji, suka lalata kusan kilomita 90 nasa, suka binne sama da kilomita 100 na kebul ɗin cikin gida. Tonga ta yi tsit. A tsibirin Mango ruwa bai bar gida ko ɗaya a tsaye ba, kuma ba wayar da za su kira su faɗa; sai ƙaramar na'urar neman agaji ce ta nuna wa duniya akwai masu rai a can. 'Yan'uwanmu da ke Niyu Zilan da Ostireliya da Amurka suka kwana suna kiran lambobin da ba sa shiga, ba su san wanda ya tsira ba.

Bari mu faɗa muku yadda kwanakin nan suka kasance a wurinmu, don ba a rubuta shi a rahoton kowa ba. Tokar dutse ba irin ta murhu ba ce. Tana da kaifi kamar garin kwalba, in ta ji ruwa kuma sai ta daskare kamar siminti. Ta lulluɓe farantan sola, ta toshe matatar iskar janareto, ta kwanta a kan wayoyin lantarki har wuta ta ɗauke. Ɗaya daga cikinmu ya kwana uku yana zagaya turakun sabis da ke hannunsa da tsintsiya da bokiti, ya ɗaure hanci da tsohuwar riga don babu takunkumi, yana share faranti, yana kwance matatar janareto yana kakkaɓewa, ya mayar, bayan sa'o'i kaɗan ta sake toshewa. Idanunsa sun yi jajir, tafin hannunsa ya tsattsage. Duk wannan lokaci bai san halin da mahaifiyarsa ke ciki a Ha'apai ba, shi da ke wahalar dawo da layi don wasu su ji muryar nasu. Bai bar wurin ba. Babu ɗaya a cikinmu da ya bari.

Jirgin gyara, Reliance, yana Port Moresby ta Papuwa Niyu Gini lokacin da abin ya faru, tafiyar fiye da kilomita 4,000. Da ya iso, kebul ɗin ajiya bai kai tsawon ɓarnar ba, sai da aka nemo na wasu kamfanoni aka cike. Ranar 22 ga Fabrairu aka dawo da layin Fiji, bayan kwana 38, a tsakiyar kullen korona da ta shigo mana a farkon watan. Na cikin gida kuwa sai da aka ba da aikin ƙera sabo a ƙasar waje, bai dawo ba sai watan Yuli na 2023. Shekara ɗaya da rabi mutanen Vava'u da Ha'apai suna rayuwa da ɗigon sabis. Bankin Duniya ya ƙiyasta ɓarnar wannan bala'i a kan dala miliyan 90.4, kimanin kashi 18.5 cikin ɗari na abin da ƙasar nan ke samarwa a shekara, amma ba wanda ya lissafa asarar mai masaukin baƙi a Neiafu da masu zuwa kallon kifin whale suka kasa tuntuɓarsa, ko ta manomin banila da ya rasa yadda zai yi ciniki da mai saye.

Ko shekara guda ba a cika da gyaran ba, ranar 29 ga Yuni 2024, girgizar ƙasa ta sake katse kebul ɗin cikin gida. Vava'u da Ha'apai suka koma duhu. A cikin wannan hali ne aka umarci kamfanin Starlink mai intanet ta tauraron ɗan'adam ya dakatar da aiki saboda ba shi da lasisi, sannan bayan koken jama'a aka ba shi izinin wucin gadi. Ba mu ce a bar kowane kamfani ya shigo ba bisa doka ba. Abin da ya ba mu takaici shi ne a ce sai bayan layi ya yanke ake zaman shawarar wanda zai ɗauki nauyin jama'a. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sau uku ke nan cikin shekara shida. Dutsen nan yana nan inda yake, ƙasar ƙarƙashin tekunmu ba ta daina motsi ba, jiragen ruwa ba su daina jefa ƙugiya ba. Duk wanda ya san aikin nan ya san za a sake, ranar ce kawai ba a sani ba.

Mun ji sanarwar da aka yi a 2024 cewa Ostireliya da Niyu Zilan za su ɗauki nauyin kebul na biyu, reshen layin Hawaiki, wanda mahaɗarsa ke Vava'u. Mun yi murna, mun kuma gode musu. Amma ku dubi taswira, ranku ya daɗe. Ƙofa ɗaya a Tongatapu, ƙofa ɗaya a Vava'u, abin da ya haɗa su kuma shi ne kebul ɗin cikin gida, wanda ke ratsa yankin da dutsen ya binne a 2022, girgizar ƙasa kuma ta katse a 2024. Ranar da aka sake yin rashin sa'a irin ta 2022, layin Fiji da na cikin gida suka tafi tare, Vava'u za ta yi magana da duniya, babban birni da kusan kashi uku cikin huɗu na jama'ar ƙasa kuma su yi shiru. Ha'apai da ke tsakiya ba ta da ko ɗaya. Tsibiran Niua, can arewa mai nisa, dama kebul bai taɓa kai musu ba, alhali su ne tsunami ta ci wa mutum 9 a Niuatoputapu a watan Satumba na 2009. Don haka buƙatarmu ta farko ba ta aljihunmu ba ce. Muna so a fito da rubutaccen shiri, wanda jama'a za su iya karantawa, da zai nuna yawan hanyar tauraron ɗan'adam da aka riga aka biya aka ajiye wa kowane rukunin tsibirai, da wanda zai kunna ta, da sa'o'in da za a ɗauka kafin ta fara aiki. A riƙa gwada ta sau biyu a shekara da hannunmu, kada sai ranar bala'i a gano batir ya mutu ko faranti ya karkace. A kuma ajiye isasshen kebul irin wanda ya dace da namu, da kayan haɗinsa, inda jirgin gyara zai ɗauka ba tare da an jira masana'anta ba.

Wani zai ce wannan ba hurumin ƙungiyar ma'aikata ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu ake zagi a bakin kanti idan sabis ya ɗauke, mu tsohuwa ke tarewa a ƙofar coci tana tambaya yaushe kuɗin da ɗanta ya turo daga gonar tuffa a Niyu Zilan zai shigo. Kuɗin da 'ya'yan ƙasar nan ke aikowa daga waje ya haura kashi ɗaya cikin uku na tattalin arziƙinmu, ƙasashe ƙalilan ne a duniya suka kai mu dogara da shi, kuma kusan duk ta waya yake biyowa. Idan layi ya yanke, tukunya ce ta sauka daga kan wuta, kuɗin makaranta ne ya tsaya, maganin mai ciwon suga ne ya ƙare. Muna da bakin magana a kan wannan, kuma za mu yi ta.

Sai abin da ya shafi jikinmu.

Ƙarfe a bakin teku ba ya tsufa irin na tudu. Iskar gishiri tana cin sa dare da rana. Akwai turakun da in ka kai tsakiya ka dafa noti, sai tsatsa ta ɓarɓashe a hannunka kamar busasshen burodi, matakalar tana rawa a ƙarƙashin ƙafarka, iska na kaɗa ka, kana kallon murjani a ƙasa. A kan irin wannan ake tura mutum da ɗamarar hawa wadda zarenta ya fara tashi, ƙugiyarta ba ta rufuwa sai an danna da babban yatsa. Guguwar Ian ta ratsa Ha'apai a 2014, Gita ta daki Tongatapu da 'Eua a 2018 har ta rushe ginin majalisa, Harold ta biyo a 2020. Kowace ta girgiza turakun nan. Muna neman ƙwararren injiniya mai zaman kansa ya duba kowane turke, ya ba da takarda, a liƙa ta a jikinsa da ranar dubawa. A sabunta ɗamara da igiya da hular kwano bisa wa'adin da maƙeransu suka gindaya. Wannan kam ba ma jiran kwana 21 a kansa: daga yau, duk memban da aka ce ya hau turke da kayan da ba su da lafiya, ƙungiya ta umarce shi ya ƙi, kuma duk wanda aka taɓa saboda haka, an taɓa mu duka.

Haka zancen teku. Aikinmu ba a mota yake ƙarewa ba. Don a kai batir ko jarkar mai wani ƙaramin tsibiri a Ha'apai, sai an hau kwale-kwale mai inji ɗaya, a loda masa kaya har bakinsa ya kusa shan ruwa, a ratsa buɗaɗɗen teku. An sha tura mu babu rigar ruwa, babu rediyo, babu wanda ya rubuta lokacin tashinmu balle ya neme mu in mun makara. Ƙasar da ta binne baƙin cikin mutum 74 da suka nutse da jirgin ruwan Princess Ashika ranar 5 ga Agusta 2009 ba ta buƙatar a koya mata abin da ganganci a kan ruwa ke haifarwa. Kusan kowane gida a nan ya san wani da ke cikin jirgin. Muna neman rigar ruwa ga kowane mutum, da wayar tauraron ɗan'adam da na'urar neman agaji a kowace tafiya, da ikon ma'aikaci ya ce yau teku ba ta hawuwa ba tare da an yanke masa albashi ba. Muna neman inshorar rai da ta rauni, a rubuce, ga duk mai hawa da duk mai ƙetare ruwa.

Da yawa daga cikin masu wannan aiki mai haɗari ba ma'aikatan dindindin ba ne. Ta hannun ɗan kwangila aka ɗauke su, wata uku-uku ake sabunta musu takarda, wasu shekara da shekaru a haka. Ranar bala'i ba a tambayar wane ne na dindindin, kowa ake kira. Ranar da mutum ya faɗo kuwa, kamfani ya ce na ɗan kwangila ne, ɗan kwangila ya ce aikin kamfani yake yi, iyalinsa su rasa ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Duk wanda ya shekara biyu yana aiki iri ɗaya a tabbatar da shi. Wanda bai kai ba, a ba shi kariya daidai da ta abokin aikinsa. Kuɗin ƙarin lokaci na kwanakin bala'i da wasu membobinmu ke bi har yanzu, a lissafa tare da wakilanmu a biya. Tsarin mulkin ƙasar nan tun 1875 ya keɓe ranar Lahadi, kantuna a rufe, kowa na coci da iyalinsa. Mu ne ke barin sujada mu fita idan na'ura ta tsaya, kuma ba mu taɓa ƙorafi a kan fitar ba. A biya ta yadda ya kamata.

Akwai kuma abin da ke damunmu fiye da kuɗi. Masu iya ɗinke zaren gilashi da daidaita farantin tauraron ɗan'adam a ƙasar nan ba su da yawa, mun san juna da suna. Kowace shekara sai mun raka wani filin jirgin Fua'amotu, ya tafi inda ake biyan hannunsa da daraja, wani lokaci ma tsinkar 'ya'yan itace ya tafi yi don ta fi masa albashin nan. Ba ma ganin laifinsa. Amma in aka ci gaba a haka, za a wayi gari da kebul biyu da na'urori na zamani, babu mai taɓa su sai an ɗauko baƙo a jirgi, jirgin da ba zai iya sauka ba in toka ta rufe titinsa, kamar yadda ta rufe a 2022 har sai da jama'a suka share da hannu. A ware kuɗin horo, a ɗauki matasa maza da mata daga kowane rukunin tsibirai, a zaunar da ƙwararre aƙalla ɗaya a kowane rukuni da kayan aikinsa cikakku, a gyara albashin masu wannan fasaha yadda zama zai fi musu tafiya.

Ga abin da zai biyo baya in wa'adi ya cika shiru. Daga rana ta 22, ba ƙarin lokaci, ba haɗa sabon layi, ba kafa sabuwar na'ura. Za mu yi abin da takardar ɗaukar aiki ta ce, mu tashi a kan lokaci. In mako guda ya wuce a haka, za mu shiga yajin aikin gargaɗi na kwana uku. In shi ma bai sa an kira mu ba, babban taro zai zauna ya sa ranar yajin sai-baba-ta-gani. Ba mu manta da 2005 ba, lokacin da ma'aikatan gwamnati suka ajiye aiki kimanin mako shida har aka amince da ƙarin albashi na kashi 60 da 70 da 80 cikin ɗari. Iyayenmu da yayyenmu ne suka zauna a filin Pangai Si'i a wancan lokaci, cikin natsuwa da waƙoƙin coci. A wurinsu muka koyi haƙuri, a wurinsu kuma muka koyi ranar da haƙuri ke ƙarewa.

Ga iyayenmu da 'yan'uwanmu jama'ar Tonga, na gida da na waje, muna ba ku alkawari a bainar kowa. Ko yaya takaddamar nan ta kai, layin asibitin Vaiola da na sauran asibitoci, da na 'yan sanda da masu kashe gobara, da na filayen jirgi da tashoshin ruwa, da hanyar gargaɗin guguwa da tsunami, ba za mu bari su tsaya ba ko na minti ɗaya. Mun riga mun ware waɗanda za su kwana a kansu. Da zarar hukumar yanayi ta ba da gargaɗin guguwa, ko ƙasa ta girgiza, ko dutse ya motsa, yajin ya tsaya nan take, kowa ya koma bakin aikinsa ba tare da jiran umarni ba. Ba wanda zai yanke waya ko ya kashe na'ura da sunanmu. Wanda ya yi haka ba namu ba ne, mu da kanmu za mu nuna shi. Za ku ga jinkiri a gyaran layin gida da sauran ƙananan hidimomi, muna roƙon ku gafarce mu a kan wannan.

Ga 'yan'uwa ma'aikata, kada kowa ya sa hannu a wata takarda shi kaɗai, kada kowa ya amsa kiran ganawa a ɓoye. Wanda aka yi wa barazana ya sanar da wakilin reshensa a ranar. Ku ci gaba da aiki da kyau har ranar da ƙungiya ta ce a tsaya.

Ranku ya daɗe, wakilanmu suna nan Nuku'alofa, na Ha'apai da na Vava'u kuma za su hau jirgin ruwa na farko da zarar kun sa rana. Za mu zo da jerin turakun da muke tsoron hawa, da sunayen waɗanda ke bin bashin ƙarin lokaci, da ɗamarar hawa guda ɗaya daga cikin waɗanda ake ba mu, don ku riƙe ta a hannunku ku gani. Lissafin kwana 21 ya fara daga ranar da aka karɓi takardar nan aka buga mata hatimi.

Kwamitin zartarwa, a madadin dukkan membobi.